Ruwan da Na Dafa wa Gwiwar Mama

Assalamu alaikum. Sunana Bilkisu, a Agege ta Legas aka haife ni, nan na yi makaranta har na gama sakandare. Ban saba dogon rubutu ba. Wata mata da muka yi zaman jinya tare ce ta ce in daure in rubuta, ko Allah zai sa wani gidan ya tsira. Jinyar mahaifiyata ce. Gara in faɗa tun yanzu, akwai hannuna a cikin abin da ya lalace.

Mama waina take yi a ƙofar gida. Tun ina goye take zama kan 'yar kujerar tsugunno gaban tanda, daga asuba har hantsi. Baba yana harkar albasa a kasuwar Mile 12. Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ƙawayena Yarabawa dariya suke yi, wai mace ta haifi 'ya ta kasa faɗin sunanta. Ni ban taɓa jin komai ba, haka na tashi na gani.

Ranar da abin ya fara, daga awo take dawowa da shinkafar waina a ka. Kun san danfo, bas ɗin haya na Legas, ba tsayawa yake yi ba, rage gudu kawai yake yi, kwandasta na buga jikin mota yana ihu a sauka. Ta sa ƙafar dama a ƙasa, mota ta ja, jikinta ya juya amma ƙafar ba ta juya ba. Ta ce ta ji wani ƙas a cikin gwiwar. Da ƙafarta ta ƙaraso gida tana ɗingishi, tana yi wa kwandastan addu'ar shiriya, da ɗan zagi a ciki.

Satin farko kumburi ne. Muka shafa man zafi, na karɓo ƙwayoyi a kemis. Sati na biyu kumburin ya sauka, ta koma gaban tanda, sai dai idan ta miƙe gwiwar ta yi ƙara, wani lokacin ta ƙwace mata kamar an hankaɗe ta ta baya. A sati na uku, muna sallar la'asar, ta ɗago daga sujada za ta miƙe, gwiwar ta kulle. Ta ƙi miƙewa, ta tsaya a tsakiya kamar ƙofar da tsakuwa ta tokare. A zaune ta ƙarasa sallar. Da ta sallame ta ce, "Ke, zo ki ja min ƙafar nan." Na ja a hankali, na girgiza, sai da muka ji ƙas sannan ta sake.

Daga nan shawara ta fara shigowa gidanmu fiye da masu sayen waina. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce an taka wani abu. Abokan Baba na kasuwa suka ce akwai mai ɗori a Abule Egba, hannunsa da albarka. Muka je. Ya latsa, ya ce targaɗe ne ya kwana. Ya sa mata biyu suka danne ta, ya ja ƙafar da ƙarfinsa. Mama ba ta yi ihu ba, gefen mayafinta ta cusa a baki. Washegari gwiwar ta koma kamar ƙwarya.

Sai a lokacin muka nufi asibitin gwamnati. Wanda bai taɓa yin layin nan ba ba zai gane ba. Kuna sallame asuba ku fita, ku tarar da mutane sun riga ku, a yi layin kati, a yi layin biyan kuɗi, a yi layin awon jini, duk Mama na rataye a kafaɗata. Aka yi hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau. Baba har ya yi hamdala ya ce mu tafi gida. Likitan ya ce a'a, ciwon ba a ƙashi yake ba, kuma wannan hoton ƙashi kaɗai yake gani. Ya rubuta mana wani hoton, em-ar-ai, wanda ake tura mutum cikin wata na'ura kamar rami. Tasu ta lalace, sai a waje. Da muka ji kuɗin, Mama ta shiga ɗaki ta kwance 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye tun na aure. Ta ce kunnen zai iya zama haka nan, ƙafar ce ba za ta iya ba.

Sai da muka yi sati biyar kafin mu ga babban likitan ƙashi. Bayarabe ne, dattijo, ba ya ɗaga murya. Mama ba ta jin Turanci, Yarabancinta kuma na ciniki ne, don haka ni ce tafinta. Ya ɗauko gwiwar roba daga kan tebur ya buɗe ta. Ya nuna wani guringuntsi mai kama da jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwa biyu. Ya ce na Mama ya yage, guntun da ya yage shi ke faɗawa tsakani ya kulle gwiwar. Ya ce aiki za a yi, amma ba tsaga gwiwar za a yi ba. Ƙofa biyu ƙanana za a huda. Ta ɗaya a zura kyamara siririya kamar biro, ta ɗayar a zura kayan aiki, yana kallon ciki a talabijin yana gyarawa. Sunan aikin atiroskofi. Sau uku na sa ya maimaita, na rubuta a bayan kati.

Da na fassara, Mama ta dube shi ta dube ni.

"Tambaye shi, ta ƙofar da ko ɗan yatsa ba zai shiga ba zai yi ɗinki da yanka? Ko tela ai sai ya baje yadi."

Na faɗa masa, ya yi dariya sosai. Ya ce in ce wa Mama idan tana so za ta kalla da idonta.

Ta kuwa kalla. Allura aka yi mata a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonta biyu. Da aka fito da ita, abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe cikin mutum fari ne tas, kamar cikin kwakwa. Na ga abin yana lilo kamar tsumma, ya bi shi yana gutsura." Na yi kuka, na yi dariya. Kwana ɗaya muka yi aka sallame mu.

Kafin mu fito, wata nas ta ja ni gefe. Ita ce wadda ta fi kowa faɗa a ɗakin, amma Allah ya saka mata, ba ta rage min komai ba. Ta ce ƙofofin ƙanana ne a ido, amma har cikin gaɓa suka zarce. Kada ruwa ya taɓa wurin sai an cire zare. Kada a shafa komai. A naɗe ƙanƙara a tawul a riƙa ɗorawa kan bandeji saboda kumburi. Idan wurin ya yi ja, ko ya yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, a dawo a ranar, ba gobe ba. Ta ba ni takarda da duk wannan a rubuce, ta nuna ni da yatsa ta ce ke ce kika yi makaranta, ke zan tambaya.

Kwana uku na farko lafiya lau. Ina sayo fiya wata mai ƙanƙara a wurin maƙwabciyarmu Iya Tawa mai firiza, in naɗe a tawul in ɗora. Mama har ta fara takawa da sanda zuwa bakin ƙofa, tana yi min faɗa wai ƙullun wainar da na dama ya yi ruwa.

A rana ta huɗu Goggo Larai ta zo daga Mushin.

Goggo yayar Baba ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Duk macen da ta haihu a danginmu na Legas, Goggo ce ke yi mata wankan jego. Ita ta yi wa Mama lokacin da aka haife ni, kwana arba'in ba fashi. Mama "Yaya" take ce mata, kuma ban taɓa ganin ta haɗa ido da ita ba. Ba muguwa ba ce, wallahi. Da jakarta ta zo, da ganyen darbejiya, da man kaɗanya, da niyyar ta zauna sati guda ta yi jinya.

Tana shigowa ta ga tawul a kan gwiwar. Ta taɓa, ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

"Innalillahi. Ƙanƙara? A kan gwiwa? Wa ya ce a yi haka?"

Na durƙusa na ce, "Goggo, a asibiti ne suka ce."

"Mutum na fama da ciwon gaɓa a ƙara masa sanyi? So kuke ta tsufa tana ja da gindi? Kwance min in gani."

Mama ta sunkuyar da kai. Goggo da kanta ta warware bandejin, ta ɗaye filastar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tuntsire da dariya.

"Wannan ne aikin da aka sayar da gwal saboda shi? Ai hujin kunnen jaririya ya fi wannan. Ba su buɗe ba, ta ina mugun jinin zai fita? Yana nan ciki a kwance, shi ne wannan kumburin. Gashi take so. Bilkisu, ɗora min ruwa."

Na ce, "Goggo, nas ɗin ta ce kada ruwa ya…"

"Nas ɗin ce ta yi wa uwarki wankan jego? Da ruwan zafin nan na tashe ta, har ta goya ki. Yau ke za ki koya min jinya don kin iya Turanci?"

Na dubi Mama. Ina jira ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya. Tana ta murza gefen zaninta. Ita tana jin nauyin Yaya, ni ina jin nauyinsu su biyu. Takardar nas tana cikin jakata, taku uku daga inda nake durƙushe. Na tashi, na wuce jakar, na je na kunna risho.

Ni na dafa ruwan. Ni na zuba ganyen. Da ya yi zafi da yawa, ni na surka shi da ruwan duro, wanda mai ruwa ke kawo mana a jarka. Goggo ta tsoma tawul tana dannawa a kan gwiwar, ruwa na gangarowa ta kan zaren. Da ta gama ta lakato man kaɗanya da ta kwaɓa da wani garin magani, ta cika ƙofofin biyu da shi, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Safe da yamma, kwana uku.

Abin da ya ƙara rufe min baki shi ne, Mama ta ji daɗinsa. Ta ce jijiyoyin sun saki. Baba ya dawo daga kasuwa ya ga tana murmushi, ya ce, "Ai Yaya ta zo, magana ta ƙare." Na ce a raina wataƙila nas ɗin ce ta cika tsanani. Na ciro takardar daga jaka na tura ƙarƙashin katifa, don kada in riƙa ganinta.

A rana ta takwas da aiki, Mama ta ce tana jin sanyi, alhali rana ta take. Na taɓa goshinta, zafi rau. Na taɓa gwiwar, ta fi goshin zafi, ta yi ja, tana sheƙi. Na san abin da takardar ta ce. Kalma da kalma na sani. Goggo ta ce zazzaɓin sauro ne, gwiwar kuma maganin ne ke aiki, yana janyo dattin waje. Aka aike ni kemis. Na je na karɓo maganin zazzaɓin sauro na dawo, ban ce komai ba. Idan na ce a koma asibiti, za a tambayi dalili, nas za ta ga man kaɗanya, za ta tambaye ni. Tsoron faɗan nas da tsoron Goggo suka haɗu suka danne ni. Kwana biyu na yi a haka. Waɗannan kwana biyun su ne ba na iya yafe wa kaina.

A rana ta goma da hantsi, na zo gyara mata shimfiɗa, zanin gado ya ɗan goga gwiwar. Mama ta yi ƙara. Matar da mai ɗori ya ja wa ƙafa ba ta yi ihu ba. Na ɗaga tsumman, sai ga wani ruwa rawaya-rawaya yana tsattsafowa ta ƙofa ɗaya. Haƙoranta na haɗuwa, tana kiran sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Ban tambayi kowa ba. Na fita tsakar gida na kira Baba a waya, na ce ya bar albasar nan ya zo yanzu, idan ba haka ba zan kai ta ni kaɗai. Ban taɓa yi masa magana da irin wannan muryar ba. Iya Tawa ce ta tsayar mana da tasi, ta kama muka sa Mama a baya. Goggo ta shiga gaba da carbinta. Cunkoson motoci ya riƙe mu, kowane rami motar ta faɗa sai Mama ta damƙe hannuna. Baba a kan okada ya same mu a ƙofar asibiti.

Allah ya sa babban likitan ƙashin nan yana nan. Ya ɗaga tsumman, ya shinshina yatsansa, fuskarsa ta canja. Ya tambaye ni da Turanci, me aka sa a wurin nan?

Mama ba ta ji kalmomin ba amma ta gane tambayar. Ta ce da ni a hankali, "Ki ce ba komai."

Goggo na tsaye a bayana, Baba na gefenta. A duk ɗakin ni kaɗai ce ke jin harshen kowa. Duk abin da na faɗa, shi ne zai zama gaskiya. Na dubi ƙafar Mama, ta kumbura har ƙauri. Na buɗe baki na faɗa masa duka: ruwan zafi, ganye, ruwan duro, man kaɗanya da gari, kwana uku, safe da yamma. Ya ce zazzaɓin fa, yaushe ya fara? Na ce shekaranjiya. Ya ce an ba ku takarda? Na ce an ba ni. Ya ce kin karanta? Na ce na karanta.

Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi. Ya sa aka kawo sirinji, ya soka a gefen gwiwar ya zuƙo. Abin da ya fito ba jini ba ne, wani ruwa ne mai kauri kamar koko. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Sannan ya juya ga Goggo, ya yi mata magana da Yarabanci, don ta daɗe a Mushin tana ji sarai. Ya ce, "Mama, na san taimako kika zo yi. Amma wannan ƙofar ba a fata ta tsaya ba, har ɗakin cikin gaɓa ta shiga. Abin da aka zuba a bakinta, ciki ya tafi." Carbin ya tsaya a hannun Goggo.

Ya ce da mu ƙwayoyin cuta sun shiga gaɓar, kuma idan suka zauna a ciki guringuntsi suke ci, ba sa jira. Ya ce ko ba a yi gashi ba, wani lokacin hakan kan faru bayan aiki, shi ya sa ake cewa a dawo da wuri. Abin da ya fi damunsa kwanakin da aka yi da zazzaɓi a gida. Dole a koma tiyata yau a wanke cikin gwiwar, ta ƙofofin nan dai.

Baba ya ce, "Tambaye shi, yanke ƙafar za a yi?"

Na tambaya. Likita ya ce ba maganar da muke yi yanzu ke nan ba. Amma ba zai yi alkawarin gwiwar za ta koma yadda take ba.

Da la'asar aka zo tura ta. Ina biye da gadon har ƙofar da ba a wucewa. Nas ɗin nan mai faɗa ce ke turawa, ko kallona ba ta yi ba. Ana gab da shiga, Mama ta ɗago kai tana neman wani abu, idonta ya sauka a kaina.

Ta ce, "Bilkisu."

Shekarata ashirin da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ɗauka wasiyya za ta yi.

Ta ce, "Bilkisu, kada ki tafi ko'ina."

Aka rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa a wurin, ban matsa ba har aka fito da ita.

Sau biyu aka wanke gwiwar, don bayan kwana uku zazzaɓin ya ƙi sauka, aka sake komawa. Sati uku muka yi a kwance. Allurai ta jijiya safe, rana, yamma, har hannayenta suka ƙare aka koma neman jijiya a bayan tafi. Wani maganin babu shi a asibiti, sai in fita waje in nemo. Wata rana a ce mai ɗaukar jini bai zo ba, wata rana a ce sakamako ya ɓace a sake. Na ga rashin tausayi a wurin nan, na kuma ga mutanen kirki. Nas mai faɗa sai da ta yi kwana huɗu ba ta yi min magana ba. A na biyar ta tarar ina kuka a bakin famfo, ta ce idan na gama in zo ta koya min yadda ake juya mara lafiya ba a taɓa ƙafar ba. Baba ya rame, kasuwa ta tsaya masa rabi, bai taɓa cewa komai a kan kuɗi ba, sai dai wuyan rigarsa da ya yi masa yawa ya nuna nauyin da ke kansa.

Goggo ba ta sake shigowa ɗakin ba. Amma kullum da azahar sai ga kwanon tuwo da miyar kuka daga Mushin, da farfesu a ƙaramin kula. Ita ke kawowa da kanta, ta ba mai gadi ta juya. Na hango ta sau ɗaya ta taga, tana tafiya a hankali kamar an ƙara mata shekara goma.

Bayan an sallame mu aka shiga fisiyo, wurin masu koya wa gaɓa motsi. Nan ma kuka ne. Gwiwar ta miƙe, alhamdulillahi, ta daina kullewa, amma lanƙwasawa ta ƙi. Suka ce Mama ta riƙa zama a ƙasa tana jan diddige zuwa jikinta. Na samo alli ina yin zane a siminti inda diddigen ya tsaya. Satin farko zanen yana matsowa. Yanzu wata na huɗu ke nan, zane uku na ƙarshe kusan a wuri ɗaya suke. Likita ya ce a ci gaba, ana iya samun ƙari, amma guringuntsin ya ci wuya. Ban fassara wa Mama wannan na ƙarshen ba sai da ta ce, "Faɗa min duka, na ga bakinsa ya fi naki tsawo."

Wata rana ina gyara katifa takardar nas ta faɗo. Na ɗauka na je na durƙusa gaban Mama, na ce ta yafe min, na san abin da ke ciki tun ranar farko, na ɓoye.

Ta ce, "Na gan ki lokacin da kike turawa ƙarƙashin katifar. Ni ma na ji abin da nas ta ce, ai kin fassara min. Ke yarinya ce, ni ce babba, kuma ƙafata ce. Tashi."

Na ɗauka idan ta faɗi haka zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Satin da ya wuce aka taru a gidanmu dubiya. Goggo ta zo, karo na farko tun asibiti, ta zauna can gefe. Akwai wani dattijo abokin kakanmu, Baba Alhaji muke ce masa, ko Baba ba ya zama a kujera idan yana wuri. Ya dubi ƙafar Mama ya ce jini ne ya daskare, akwai wanzami a Obalende, gobe zai turo shi ya yi ƙaho biyu a gwiwar, za ta saki. Baba ya ce, "To, Allah ya saka." Mama ta fara murza gefen zaninta.

Na ajiye tiren shayi, na durƙusa har ƙasa a gabansa.

Na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ka gafarce ni. Ba za a tsaga gwiwar nan ba. Ba abin da zai sake taɓa ta sai likitanta ya gani."

Baba ya ce, "Ke!" Baba Alhaji ya ce, "Ikon Allah. 'Yar wa ce wannan?" Ban tashi ba, ban kuma janye ba.

Daga can gefe Goggo ta yi gyaran murya. Ba ta dubi kowa ba.

Ta ce, "Alhaji, a bar wanzamin nan. A ji ta yarinyar."

Abin da zan roƙi duk wanda ya karanta wannan ke nan. Idan an yi wa naku irin aikin nan, kada ƙanƙantar ƙofar ta ruɗe ku. Kada ruwa, kada mai, kada gari, sai an cire zare likita ya ce to. Idan zazzaɓi ya zo ko wurin ya yi ja, ku tafi a ranar, ko da za a zage ku. Idan kuma ke ce aka ba takardar, ki durƙusa, ki ba da haƙuri, ki ce a'a. Ni sai da na makara na iya.

Ina godiya ga likitan nan da nas ɗinsa, da Iya Tawa, da duk wanda ya taka ya zo. Ina godiya ga Goggo, da tuwonta na sati uku. Mama ta koma waina, Baba ya sa mai walda ya ɗaga mata murhu, a tsaye take yi ko a kan doguwar kujera. 'Yar kujerar tsugunnon tana bayan ƙofa, ta hana a bayar.

Salla kuwa a kan farar kujerar roba take yi. Ina bayanta a kan darduma. Idan na kai goshina ƙasa, ina jin ƙarar kujerar lokacin da take sunkuyawa iya inda za ta iya. Ba ta sake kiran sunana ba tun ranar nan, ta koma "ke", kuma na fi son haka. Gobe da safe zan sake ɗauko alli. Ku sa mu a addu'a, Allah ya sa zanen ya matsa, ya nuna min ranar da goshin Mama zai sake taɓa ƙasa.